Ɗan Farin Kulu Mai Abinci

Makonni Dakta Shu'aibu ya yi yana fama da ɗalibansa a kan abu ɗaya. Darasin da jami'a ta ba shi sabo ne, a kan yadda halayen ɗan Adam suka samo tushe daga rayuwar kakannin kakanninsa: me ya sa muke tsoron maciji fiye da mota, me ya sa zuciya take karkata ga dangi. Amma da ya buɗe baki sai Muhsin, wani dogo mai zama a bayan aji, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wato dai biri ne kakanmu?" Aji ya kwashe da dariya, darasi ya watse.

Da ya gaji, sai ya ce ranar Laraba a haɗu a Sharaɗa, ƙofar wani kamfanin robobi, lokacin da ma'aikata suke fitowa cin abinci.

"Akwai mai sayar da abinci a wurin," in ji shi. "Kada ku tambayi kowa komai. Ku zuba ido, ku gaya mini su wane ne danginta cikin masu saye."

Abin da bai gaya musu ba shi ne, mai abincin nan, Kulu, ita ta haife shi, kuma shi ne ɗan farinta. Da shinkafa da wake ta yi masa karatu har ya zama dakta, amma tun da ya yi wayo bai taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai "wancan yaron". Kunyar ɗan fari ce, ya sani, har a littattafai ya karanta ta. Karatun dai bai hana abin cin ransa ba. Kano cike take da rumfunan abinci, amma gogan naku ya zaɓi wannan don ta gan shi tsaye gaban ɗalibai ko sau ɗaya ne.

Jiniya ta kaɗa, ma'aikata suka yo waje. Ɗalibai suka jeru a benci suna kallo. Ba a jima ba suka cafke Usaini direba, wanda aka ƙara wa mai da yaji ba tare da ya roƙa ba, kuma ɗan ƙanenta ne da gaske. Daga nan Shu'aibu ya gyara hula ya shiga layi. Kulu tana hango shi ta ja mayafi, ta miƙa wa Maryam mai taya ta aiki ludayi, ta sunkuya wajen murhu.

"Malam kam ko unguwa ba su haɗa ba," in ji Muhsin. "Ina jin ma kun taɓa taka mata kaza."

Shu'aibu ya yi dariyar yaƙe tare da su. Ya ɗebo mutane tun daga jami'a, ga shi ko kallo bai samu ba.

"Malam, ku yi haƙuri," in ji Zaituna, wata ɗaliba da ba ta cika magana ba. "Kowa ya zo sai ta dube shi, ku kaɗai ne ba ta duba ba. Tun da kuka shiga layi take gyara wutar da ba abin da ya same ta. Haka Innarmu take yi wa yayanmu. Ita ta haife ku, kuma ku ne na fari."

Wuri ya kaure da ihu. Muhsin ya riƙe kai, sannan ya ɗaga hannu, yau kuwa ba zancen biri.

"To Malam, in zuciya tana karkata ga ɗa, me ya kawo ɓoyewa?"

Tambayar da Shu'aibu ya daɗe yana jira ke nan. Nan a tsaye, tireloli suna wucewa, ya shiga bayani: son ɗa gado ne da kowace uwa take zuwa da shi, amma yadda za ta nuna shi, mutanen garinsu ne suke koya mata. Tambaya ta bi tambaya. Ma'aikata suka matso da kwanukansu suna saurare. Muryarsa ta ɗan fi yadda ake bukata ƙarfi, mun kuma san wadda ake so ta ji. Ita kuwa bayanta kawai yake gani.

Da ya tsaya shan ruwa, Kulu ta yafito Zaituna.

"Ke 'yar nan, kuna gane abin da yake faɗa kuwa?"

"Sosai ma, Inna."

Kulu ta dubi tukunya. Sannan ta ɗaga murya yadda har masu gadin kamfani sai da suka ji.

"Maryam, ɗauraye kwanuka! Ki zuba wa ɗaliban Malam, ki cika musu."

Malam. Shu'aibu ya tsaya da kofi a hannu. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, babban mutum da furfura a gemu.

"Malam, mu ci gaba?" in ji Muhsin.

"Ku ci abinci tukuna," ya ce. "Inna ta ce a zuba muku."