Rikodar Ghada da Turmina

'Yata Tasnim ta kusa shekara uku ba ta taɓa waiwayowa don na kira sunanta ba. Likita a asibitin Soba ya ce kunnenta ba ya kama komai sai ƙara mai nauyi, mu dawo in ta ƙara girma. Ni ke mata wanka, ni ke jiƙa mata kisra, wainarmu ta dawa, da miya, ni ke korar yaran unguwa in sun ja mata kitso. Amma in na shiga ɗaki, sai na tsaya a gabanta take sanin ina nan.

Sai Ghada, ƙanwar mijina Salahuddin, ta baro Umdurman ta zauna da mu a unguwar Alsahafa, don ya fi mata kusa da makaranta. Ta zo da rikoda mai manyan lasifika biyu da kaset-kaset cike da kwalin sabulu. Kowanne an rubuta masa "Darasin Ingilishi", saboda 'yan sanda masu bincika jakunkuna a hanya suna ƙwace kaset ɗin kiɗa.

Ran da ta fara kunnawa ina shanya a tsakar gida.

"Ya Ghada, rikodar taki ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau, matar yaya. Haka kiɗan yake."

"Wannan ai layin maƙera ne a Kasuwar Umdurman."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wasu samari ne a wata ƙasa mai sanyi, suna naɗa a garejin gidansu da jita da na'ura, ko a garinsu ba a san su ba. Wani mai gyaran rediyo kusa da shagon ɗinkin yayanta Salahuddin ke kwafa wa 'yan makaranta. Babu baiti, babu amshi. Jita na kuka kamar ana yanka kwano, a ƙarƙashinta wani abu na bugawa, dum, dum, har cokali na rawa a faranti.

Ina shirin cewa ta kashe, sai na ga Tasnim ta bar wasanta. Ta taka har gaban rikodar, ta ɗora tafin hannunta a lasifika. Ta tsaya. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga kai ta kalli Ghada.

Ghada ta kalla, ba ni ba.

Daga ranar, da la'asar ta yi Tasnim na bakin ƙofa tana jira. Ghada kan dawo da sabon kaset, su zauna a tabarma, hannu huɗu a kan lasifika. Har Tasnim ta yi wa Ghada suna da hannu: ta buga ƙirji da tafi sau biyu. Ni da na haife ta ba ni da suna.

Na ce wa Salahuddin maƙwabta za su kai ƙara, a zo a ɗauke rikodar, ƙila har da ƙanwarsa.

"Sittana," ya kira sunana, "yarinyar nan dariya take yi. Ba shi muke roƙo ba?"

"Shi muke roƙo," na ce, na tashi na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Wata rana da hantsi Ghada na makaranta, Salahuddin na kasuwa. Na ɗauko kaset ɗin da Tasnim ta fi so, na zaunar da ita a cinyata, na danna. Shiru. An ɗauke wuta, batir kuma ya mutu. Ta ɗora hannu, ta jira, ta mari lasifikar. Ta ture ni, ta koma bakin ƙofa tana buga ƙirji tana kuka.

Na bar ta. Na soya gahawa, na zuba a turmi, na hau daka da duk haushin da ke cikina. Irin dakan da uwata ta koya mini can gida a Jazira: biyu a gindi, ɗaya a gefen turmi, don maƙwabta su ji su san akwai jabana, wato dafaffiyar gahawa, su shigo.

Ban ga zuwanta ba. Ɗan hannu kawai na gani a jikin turmin. Na tsaya don kar in buge mata yatsa. Ta ɗago ta kalli fuskata, ta ja mini hannun riga. Na ci gaba a hankali, tana kallona tana dariya. Gahawa ta zama gari, na zuba citta. Citta ta ƙare, na ɗebo dawa.

Da Ghada ta shigo tana ɗaga sabon kaset, Tasnim ta ruga wurinta. Amma jawo ta ta yi, ta manna hannun Ghada a turmin. Sannan ta dunƙule nata ta daki tafinta, biyu da ɗaya, ta nuna ni. Sunana ke nan.

"Wallahi matar yaya, kin fi samarin nan! Tsaya in nemo batir in naɗa."

"A'a," na ce, na gyara wa Tasnim zama tsakanin ƙafafuna. "Wannan ba a naɗa shi. Mai so ya zo wurina."