Haƙorin Tangaran

Duk ɗan dakon da ke tashar jiragen ruwa ta Komersiyo ya san ba a sayen ƙosan Lantana sai an yi dariya. Tsohuwar ba ta raga wa kowa. Ta ce wa wannan kansa kamar tulu, ta ce wa wancan ko akuya ba za ta aure shi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma tata fuskar ta iya ɓoyo. Ba wanda ya gane bakinsu take leƙawa.

Ɗanta Zubairu take nema. Yana yaro aka sayar da shi zuwa gonakin rake, tun kafin ta fanshi kanta daga bauta. Kama takan canja, suna ma a canja shi, amma haƙorinsa na sama, ta hagu, da ya gutsure a kan ƙwarar kwakwa, ta tabbata wannan ba ya sake tsirowa. Da shi ta dogara har ta yi furfura.

Wata rana da hantsi wani magidanci mai tsabtar riga ya tsaya sayen ƙosai, riƙe da akwatin fata. Gabanta ya faɗi, domin tsayuwarsa sak ta marigayi mijinta.

"Ɗan nan," ta ce da harshen Fotugis, "wannan kwalliya haka, jirgi za ka aura?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. Haƙora jere reras, babu ko tsaga. Ta sunkuyar da kai, ta ƙara masa gyara, ya yi godiya ya wuce.

Bayan azahar Mahmudu, tsohon ɗan dako, cikin 'yan tsirarun da suka rage masu jin Hausa, ya zo ya zauna a inuwarta.

"Yaya Lantana, kin ga bawan likitan haƙori ɗazu, mai akwatin fatan nan? Zamani ya zo da abin mamaki. Haƙorinsa na gaba karyayye ne, ubangidansa ya rufe shi da na tangaran. Duk mai shakkar aikin, sai a kira shi ya buɗe baki a gani."

"Na sama?"

"Na sama, ta hagu. Ni na kai musu kaya jirgin da ke zuwa birnin Riyo. Sun tashi ke nan, ba dawowa."

Ta juya ta dubi teku. Hayaƙin jirgin ma ya baje. Ƙosai na ƙonewa a kasko ba ta tsame ba.

"Na dai ba shi gyara," ta ce a hankali. "Guda biyu."