Rabin Kalolin Na Yaya Ne

Auta tana aiki a shagon tabarau, a hawa na biyu na wani babban ginin kantuna. Aikinta goge gilasai, ɗaure ƴan kusoshin da suka saki, da ɗumama hannun tabarau ta lanƙwasa shi har ya zauna daidai a bayan kunnen mai shi. In ta ɗaga kai daga teburinta, shagon kayan kwalliya take fuskanta, na wata mata da kowa a layin yake kira Anti.

Da shekara ta zo ƙarshe, Anti ta ajiye sabon falet a gilashin gaba, irin ɗan akwatin nan mai gidaje-gidaje na kalolin da ake shafa wa fatar ido. Murfinsa kore ne mai duhu, da zanen ganye na ruwan zinare. A gefe an rubuta cewa fitowar hutun bana ce, in ya ƙare ba a sake yin irinsa.

A da, Auta ba ta tsayawa dogon tunani a kan irin wannan. Duk ƙarshen shekara ita da yayarta suke haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya. Yaya baƙa ce, kala mai ƙarfi take hawa fatarta, don haka shuɗi da shunayya da ruwan lemo nata ne. Auta ta fi ta haske, ta tsaya a ruwan ƙasa da ruwan hoda. Falet ɗinsu kaɗai ne a duk unguwar yake ƙarewa tas, har a ga farin ƙarfen ƙasan kowane gida. Kuma Yaya ce mai hannu. Takan zaunar da Auta a bakin gado, ta riƙe mata haɓa da yatsu biyu, ta ce, "Rufe ido. Kika motsa, sai na mayar da ke mujiya."

Yanzu Yaya tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa. Ta yi alkawarin zuwa wannan hutun, har Mama ta sa an sake fentin ɗakinsu. Daga baya ta kira ta ce asibitin ya hana ta izini, ma'aikata sun yi ƙaranci.

Auta ta daɗe tana kallon falet ɗin daga nesa kafin ta tsallaka. Ranar da ta shiga, Anti tana jera jan-baki, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ƴar tabarau, sai yau? Na zaci da ido za ki cinye min shi."

Ta miƙo mata na gwaji. Auta ta dangwala yatsa a gidajen ɗaya bayan ɗaya, tana ja a bayan hannunta. Laushinsu kamar man shanu. Da ta zo kan shuɗin, sai yatsan ya tsaya a sama.

"Anti, tsakani da Allah, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?"

"Kina son maganar ƴar kasuwa ko ta ƴar'uwa?"

"Ta ƴar'uwa."

"To, rabin kuɗin na murfi ne. Ruwan ƙasan nan guda uku kina da irinsu a gida, na rantse. Baɗi ma za su fito da kusan irinsa, su sauya masa riga, su ce ba a taɓa yi ba. Amma shuɗin nan da shunayyar nan, ban taɓa sayar da masu kyaunsu ba. Sai dai ke ba kya shafa su."

"Ba na shafawa."

"To, kin ba kanki amsa. Ina baƙar nan taku mai surutu? Ita ce za ta ci moriyarsa."

Auta ta ce tana nan lafiya, ta yi sallama ta fita da sauri. Har aka tashi aiki ba ta wanke bayan hannun ba.

A motar haya ta tura wa Yaya hoton falet ɗin. Ba ta kai gida ba kiran bidiyo ya shigo. Yaya tana tsaye a wani lungu na asibiti da kofin shayi, shatin takunkumin fuska ya kwanta mata a kan hanci da kumatu. Fuskar fayau, ko jagira babu.

"Kada ki saya," in ji Yaya. "Ke da kala uku kika sani a duniya. Asarar kuɗi ce."

"Haka Anti ma ta ce."

"Anti tana da gaskiya." Ta kurɓi shayi, ta ɗan kawar da kai. "Akwai shi a nan ma, kin sani? A wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Na shiga, na ɗauka, har na kai layin biya, sai na mayar."

"Don me? Ke ai zai yi miki amfani."

"Fuskar wa zan yi wa? Ni kaɗai a gaban madubi, kamar mai gwajin hauka? Ni daɗin abin, Auta, in riƙe haɓar mutum yana min ƙorafi."

Suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Aka kira Yaya daga ciki, ta ɗaga hannu, allon ya yi duhu.

Washegari da aka buɗe shaguna Auta ta tsallaka ta ce a naɗe mata ɗaya. Anti ta dube ta, ta naɗe mata. Ta saka mata ƙaramin burushi a ledar, ta ce kyauta ne.

Ranar da ba ta zuwa aiki, da hantsi, Auta ta zauna gaban madubi ta gwada shuɗin. Ido ɗaya ya fito kamar an naushe ta. Mama ta leƙo da kwandon wanki, ta gan ta, ta ajiye kwandon don dariya.

"Wa ya taɓa min ke, Auta? Faɗa min in je gidansu."

"Mama, don Allah!"

"Kira mai abin ta koya miki, kafin ki tsorata yaran maƙwabta."

Yaya ta ɗauka, tana hutun rabin rana. Da ta ga idon ƙanwarta sai da ta dafa bango. Ta ce a goge, wannan fuskar ta riga ta ɓaci, a kawo wata. Mama ta ce ita da girmanta ba mai yi mata fenti, amma tana faɗa tana gyara zama a bakin gado. Auta ta jingina wayar da kwalbar turare yadda Yaya za ta ga komai.

"Riƙe mata haɓa. A'a, da yatsu biyu, ba mari za ki yi ba. Fara da ruwan ƙasa a lanƙwasar ido. Kaɗe burushin tukuna. Yanzu shunayya, daga waje ki shigo ciki, a hankali. Mama, daina leƙe."

Fatar idon Mama ta yi laushi, tana tattarewa a ƙarƙashin burushi, sai Auta ta ɗan ja ta da babban yatsa. Ba ta tuna rabon da ta kalli fuskar mahaifiyarta kusa haka ba. Da aka gama idon dama, Yaya ta ƙare mata kallo ta ce, "Kai, Mama. Ashe haka kike."

Nan wayar Yaya ta aiki ta yi ƙara. Ta ce, "Ina zuwa, kada ku taɓa ɗayan," ta katse.

Suka jira. Wankin yana nan a kwando, rana ta bar taga ta koma bayan gida. Auta ta ce ko ta ƙarasa ne, ai ta ga yadda ake yi. Mama ta girgiza kai, ta ɗauki wayar ta ɗora a cinyarta.

"Ta ce kada a taɓa."

Sai da yamma ta yi saƙo ya shigo: an kawo marasa lafiya da yawa, ba za ta samu fita ba, su yi haƙuri. Auta ta karanta wa Mama. Mama ta juyo da fuskarta, ta rufe ido, ta ɗaga haɓa.

"To, yi mana ɗayan. Ko ya karkace, ki ɗauki hoto ki tura mata, ta samu abin yi mana faɗa gobe."