Kuben Hagu

Duk wanda ya san Baba Mai Lambu ya san shi da abu biyu, taurin kai da wata 'yar wuƙa mai naɗewa da ba ta barin aljihunsa. Da ita yake yanke igiya, da ita yake ɓare lemo, da ita kuma yake yi wa itatuwa aure, wato ya yanko reshen mangwaro mai daɗi ya haɗa shi da ɗan dashe har su kama su zama itace ɗaya. Iya, matarsa, takan ce da za a ce ya zaɓa tsakaninta da wuƙar nan, sai ya nemi a ba shi lokaci ya yi shawara. Shi kuwa yakan ce ai ba sai ya yi shawara ba, wuƙar ba ta da mita.

To, sai ciwo ya zo ba sallama. Wata safiya kofi ya suɓuce masa, baki ya karkace, aka kwashe shi sai asibiti. Allah ya taƙaita, baki ya dawo daidai, ƙafa ma ta dawo ko da yake yana ɗan jan ta, amma hannun dama ya ƙi sam. Yana nan a kan cinyarsa, sai an ɗaga an ajiye.

Bayan an sallamo shi, wata rana Iya tana wanke-wanke ta hango shi ta tagar kicin, yana zaune a baranda ya sa wuƙar a baki yana ƙoƙarin buɗe ta da haƙori. Ko hannu ba ta goge ba ta fito da sauri, ta karɓa, ta buɗe, ta miƙa masa. Ashe da ta sani ta yi kamar ba ta gani ba. Ya dubi wuƙar, ya dube ta.

"Yanzu ko wuƙa sai an buɗe min," in ji shi, ya ajiye ta a kan tebur.

Tun daga ranar bai sake taɓa ta ba. Bai kuma sake leƙa lambun bayan gida ba, har ya sa aka juya masa kujera ta ba lambun baya. Abinci sai an yi ta lallami. Mutumin da a da in ya fara labari sai ka gudu, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba.

A lambun kuwa akwai wani tsohon mangwaro da mahaifinsa ya dasa, irin da babu shi a kasuwa, ba zare, ba tsami. Gara ta cinye masa gindi, rassansa suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ciwon, Baba ya jera 'yan dashe a baƙar leda don ya ɗauki irin kafin itacen ya faɗi, ga su nan sun kai kaurin yatsa, sun isa aure. Iya ta gaya masa reshe ɗaya tak ya rage mai ɗanyen ganye. Ya ce a bar shi ya mutu, ai kowa ma tafiya zai yi. Iya ta san ba itacen kaɗai yake nufi ba. Tsoro ya kama ta sosai, don ta ga mutumin nan yana bushewa daidai yadda itacen yake yi.

Washegari ta ce masa za ta je sayen zare. Ta ɗauki tsohuwar wuƙar da 'yar fartanyar da yake yi wa dashe noma, ta zura a jaka, ta nufi kasuwa.

Shagon mai wuƙaƙe ɗan lungu ne tsakanin mai sayar da kwaɗon ƙofa da wani baduku. Wuƙaƙe a rataye a jikin ƙusa, wasu a jere a cikin gilashi, ga dutsen washi da ruwa a ƙasa. Shi kansa mai shagon gashin hannunsa a aske yake tsilli-tsilli, saboda duk wuƙar da ya wasa a nan yake gwada ta. Da ta ce tana neman wuƙa ta namiji, sai ya ciro wata zabgegiya mai ƙyalli da ƙotar ƙaho. Iya ta ce masa ba yaƙi za a je ba, ɗan nan. Ya kawo mai naɗewa, irin wadda ake danna wani ɗan maɓalli ta buɗe. Ta ce buɗewar ta ji, rufewar fa? Ya nuna mata, sai ga shi ya sa hannu biyu. Ta ce mayar da kayanka.

Daga nan ta cusa hannunta na dama cikin mayafi ta matse shi a hammata, ta ce ya riƙa miƙo mata ƙanana tana ɗauka da hagu. Mai shagon ya yi mata sannu, yana zaton lalura ce. Ta ce lafiyarta ƙalau, aron lalurar ta yi. Sai ta ba shi labari a taƙaice, ta ciro tsohuwar wuƙar ta ɗora a kan gilashi.

Ya buɗe ta, ya karkata ta wajen haske, ya jinjina kai. Ya ce wannan ko an buɗe wa Baba ba za ta yi masa aiki ba, domin gefe ɗaya aka wasa ta, na mai yanka da dama. In aka riƙe da hagu, maimakon ta sulale a jikin reshe sai ta nutse ta tsaga shi. Abin da ya dace shi ne 'yar ƙarama wadda ba ta naɗewa, a zaro a yi aiki a mayar. Ya jero mata huɗu ko biyar. Ya ce kada ruwan wuƙar ya wuce tsawon yatsa, don doguwa a hannun da bai saba ba tana da rawa. Ya nuna mata wadda ƙarfenta ya ratsa ƙota har ƙarshe, ya ce irin wannan ba ta girgiɗi. Ya ce baƙin ƙarfe ya fi ɗaukar kaifi amma yana son a riƙa goge shi da mai, farin ƙarfe kuwa ba ruwansa da tsatsa. Iya ta ce a ba ta mai son kulawar, ai mutumin nata abin kulawa yake nema.

Saura ƙota. Akwai wata siririya mai santsi da ta zauna mata daram a hannu, har ta ji tana son ta. Sai ta tuna ba nata hannun ake saya wa ba. Hannun Baba in ya riƙe nata ɓacewa yake yi gaba ɗaya. Ta ciro 'yar fartanyar, wadda ƙotarta ta lotsa daidai wurin yatsunsa, suka riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Suka tsaya a kan wata mai ƙotar katako, kakkaura, ba kyau ko kaɗan, amma tana da ɗan tudu da ke tare yatsa kada ya zame kan kaifi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da ta maƙala kuben a ƙugunta na hagu ta zaro, sai kaifin ya fito yana kallon baya, sai ta juya wuƙar a tafin hannu kafin ta yi daidai. Duk kuben shagon na masu dama ne. Mai shagon ya leƙa ya kira baduku. Shi ya auna, ya ce zai ɗinka na hagu da fata mai tauri wadda bakinta ba ya rufewa, ya sa masa maƙalin ƙarfe da za a soka a ƙugun wando da hannu ɗaya. Tana zaune a benci aka ɗinka, aka kuma wasa wuƙar ta gefen hagu. Da za ta tafi mai shagon ya ce, "Iya, a yi hattara. Wuƙa a hannun da bai saba ba, hannun da ke riƙe reshe take nema." Ta ce ta ji, Allah ya yi masa albarka.

A hanya ta riƙa tunanin yadda za ta ba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: in ta miƙa masa a matsayin kyauta, zai ce tausayinsa ake ji, ya ajiye ta kusa da waccan. Saboda haka ba ta ba shi ba. Ta ɓoye ta a kicin, tana gwada fere 'yan itace da hagu in ya yi barcin rana, har ta yi wa babban yatsanta na dama zane biyu.

Ranar da ta shirya, da hantsi, ta yanko 'yan tsinkaye daga reshen nan mai rai, ta kinkimo 'yan dashe uku ta dire a baranda daf da ƙafarsa, wai rana ta yi zafi a lambu. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta zaro wuƙa daga ƙugu da hagu, ta fara. Ba sai ta yi da gangan ba, aikin ya ɓaci da kansa. Ta datse kan dashen a karkace, ta fere tsinken kamar mai fere fensir, ɓawo ya yage ya yi lalo-lalo.

Baba ya yi kunnen uwar shegu. Ya kalli rufi, ya kalli ƙofa. Da ta kama dashe na biyu sai ya yi tsaki. Da ta ɗora wuƙa a ƙasan ido, wato inda toho ke fitowa, maimakon samansa, ya kasa daurewa. Ya ce shekara da shekaru tana kallo ashe kallon banza take yi, wannan ai kisan kai ne, dashen da ya raina tun yana ƙwallo. Ta ce to ya ta iya, mai aikin ya yi ritaya, kuma wuƙarta ce, dashen ma ita ke ba shi ruwa.

"Kawo nan," ya ce.

Ta miƙa masa da kuben. Ya juya shi, ya duba ɗinkin, ya soka maƙalin a ƙugun wandonsa, ya zaro. Kaifin ya fito yana kallon inda ya kamata. Ya ɗaga wuƙar ya ga gefen da aka wasa, ya matse ƙotar, ta cika masa hannu. Ya dubi yatsanta mai zane biyu, ya daɗe yana kallo.

"'Yar tsohuwa," in ji shi, "ke da ko cokali ba kya iya riƙewa da hagu, wa ya ɗinka miki kuben hagu?"

Ta ce zare ta je saya ta gan shi da arha. Ya ce Allah ya shirye ta. Ita kuma ta sunkuya tana gyara ledar da ba abin da ya same ta, don idonta ya cika.

Ya sunkuyo ya matse ledar da ƙafafunsa, ya ɗora wuƙa. Dashen ya lanƙwashe ya kuɓuce. Ya sake gwadawa, dashen ya sake kuɓucewa. Auren itace aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya yanka, kuma duk su biyun sun sani. Iya ta ga fuskarsa ta fara komawa irin ta ranar da ta buɗe masa wuƙa. Hannunta yana ƙaiƙayin ta kai, amma ta danne shi a kan gwiwa. Wannan karon ta rantse sai ya nema da bakinsa. Tun da suke, bai taɓa yarda ta taɓa masa dashe lokacin aure ba, wai hannunta na da gaggawa. Har ta fara cire rai, sai ya dube ta.

"Riƙe min nan," ya ce a hankali.

Ta riƙe. Ya ce ta ƙara matsowa sama, ta matso. Kaifin yana rawa, tsakaninsa da yatsanta bai kai faɗin farce ba. Ya ce ta janye yatsan, zai yanke ta. Ta ce in ta janye dashen zai motsa, ya yi aikinsa kawai, ai yatsan ya saba.

Sai ya ajiye wuƙar a cinya, ya ɗago hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora shi a kan nata. Ya ce ko ba komai yana da nauyi, ya danne mata kada ta yi rawa. Hannun da ɗumi, yadda ta san shi. Ya ɗauki wuƙa, ya ja numfashi, ya datse kan dashen, ya tsaga shi a tsakiya. Ta riƙe masa tsinken, ya ja sau ɗaya ta nan, sau ɗaya ta can. Yankan bai kai na da kyau ba, ya ɗan karkace, amma fari tas, ba yagewa. Suka soka tsinken a tsagar, ɓawo ya haɗu da ɓawo, ta naɗe da zaren leda yana faɗa mata ta ƙara matsewa, ba ɗaurin kallabi ake yi ba.

Da suka gama na ukun, ya goge wuƙar a gwiwar wandonsa, ya lalubi bakin kuben ya mayar da ita shi kaɗai. Ya tambaya ko akwai sauran dashe. Ta ce suna can jere a lambu. Ya dafa tebur ya miƙe, ya ce reshen ma ba ta iya zaɓa ba, bari ya je ya gani da idonsa, kuma a nemo masa ɗan mai da tsumma, baƙin ƙarfe ba ya son a bar shi da danshi.

Iya ta bi shi a baya yana jan ƙafa. Ta ce to kafin nan ya ba ta wuƙarta, tana da albasar yankawa.

Bai ko waiwayo ba. Ya dafe kuben da hannu, ya ce, "Wace wuƙar taki?"