Sau Biyar a Rana

"Sake dannawa," in ji Khalu Obaidul.

"Ba zai karɓa ba, Khalu. Mun cinye na yau."

"Ki danna dai mu gani."

Na danna. Jan rubutun nan ya sake fitowa a fuskar kwamfutar, cewa ƙungiyarmu ta tura amsa sau biyar, sai kuma gobe. Ya zura masa ido ta saman tabarau, sai tari ya sarƙe shi. Matarsa, Khala Hosne Ara, ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa, ta zo ta gyara masa robar iskar da ke hancinsa.

A bene ɗaya muke da su a garin Rajshahi, ƙofa na kallon ƙofa. Khalu da Khala nake kiransu, kamar a ce kawu da inna a harshenmu. Khalu ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a kwaleji, har ɗalibai suka laƙaba masa Damisa saboda yadda yake zagaya ɗakin jarrabawa ba a jin takunsa. Da ya yi ritaya, ɗansa Tuhin da ke aiki a Dhaka ya bar masa tsohuwar kwamfuta don ya riƙa kallon labarai. Ni kuwa a sashen kwamfuta na wani banki nake aiki. Wata rana na nuna masa irin gasar da ake yi a intanet, inda za a ba ka tulin alƙaluma ka gina lissafin da zai yi hasashe da su. Ban san na kunna wa tsoho wuta ba. Da yatsu biyu ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, kafin shekara ta zagayo mun zama ƙungiya, ni da shi.

Gasar wannan daminar a kan ambaliya ce. An ba mu bayanan ruwan sama da na tashin koguna na shekaru masu yawa, aka ce mu faɗi inda ruwa zai ci da ranar da zai ci. Kana tura amsa, nan take a ba ka maki, sunanka ya hau ko ya sauka a allon sakamako. Amma sau biyar kawai a rana, kuma ranarsu da ƙarfe shida na safiyarmu take farawa. Mutum ɗaya, asusu ɗaya. Khalu ya fi kowa son wannan ƙa'ida. Ya kan ce in ba ita, kowane malalaci zai yi ta cinke har ya dace, kamar yaron da aka bari yana tambayar malami "daidai ne?" bayan kowane layi. Sau da yawa ɗaya kawai yake turawa, ya bar huɗun su wuce.

Wannan duk kafin likita ya ce a mai da shi gida ne, cutar ta gama da huhunsa.

Tun daga nan ya sauya. Kogin Padma ya cinye ƙauyensu tun yana yaro, har da kabarin mahaifiyarsa, ga shi kuma muna can ƙasa a allon, ba mu taɓa leƙa shafin farko ba. Ya fara ƙone biyar ɗin tun kafin azahar. Ranar da nake ba ku labari Juma'a ce, ba aiki. Zazzaɓi ya sa ya tura abu ɗaya har sau biyu. Sai bayan la'asar, da jikinsa ya ɗan yi sanyi, ya gano abin da muka yi ta tsallakewa.

"Tanjila, uwata, dubi nan. Ruwan da ya sauka a tsallaken iyaka ba ranar yake iso mana ba. Tafiya yake yi. Mun haɗa ruwan yau da kogin yau, alhali na shekaranjiya ne ke cika shi. Wane irin jaki ne ni?"

"Tsohon jaki," in ji Khala daga inda take zaune.

Muka gyara lissafin. A gwajin da muka yi a kan kwamfutarmu ya yi kyau ƙwarai, amma ba mu da hanyar sanin gaskiyarsa sai mun tura. Shi ne yake ta cewa in sake dannawa.

Tarin ya lafa. A titi mai kifi yana ta kiran masu saye, ƙararrawar masu keken haya na tashi sama-sama. Fankar sama ta tsaya, an ɗauke wuta.

"Ki buɗe wani asusun," ya ce, bai dube ni ba. "Da sunan Khalarki. Ga wayarta can, za su turo lamba."

"Khalu, in suka gane za su cire mu gaba ɗaya."

"Su cire. Gani kawai nake so in yi."

"Gobe da shida..."

"Ke kike da gobe." Muryarsa ta tashi irin yadda ban taɓa ji ba. "Wanda ya rubuta dokar nan yaro ne mai lafiya, yana zaune a ofis mai sanyi. Ya san da ni?"

Na miƙa hannu wajen wayar, sai Khala ta riga ni, ta ɗauke ta ta soke a ƙugu.

"Baban Tuhin," ta ce a hankali, "ka tuna Shiblu?"

Ya kau da kai gefe.

"Ɗan ƙanena. Leƙa takardar na kusa da shi ya yi a jarrabawa, sau ɗaya. Ka yage tasa a gaban mutane, ya rasa shekara. Na yi kuka, na riƙe ƙafarka, ka ce doka ba ta san ɗan uwa ba. Ƙanena bai sake taka gidan nan ba har ya koma ga Allah. Na haƙura, na ce haka mijina yake, ko ba komai ba ya ha'inci. Yanzu da sunana za ka leƙa?"

"Wannan daban ne."

"To bayyana min bambancin, Malam. Ni ban yi karatun lissafi ba."

Na ga ƙwalla ta taru a bayan tabaraunsa. Can sai ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Kin ga abin da nake fama da shi, uwata? Damisar gaske a kicin take." Ya lumshe ido. "Adana shi. Gobe da shida."

Khala ta ɗauki mafici ta zauna a bakin gadon tana yi masa fifita. Na tattara kwamfutar na fito.

Washegari na yi sallar asuba, na jira gari ya waye, na buɗe ƙofa da kwamfutar a hannu. Takalma na tarar jere a ƙofarsu, na liman da na maƙwabtan ƙasa. Ashe Khalu ya yi sallarsa a kwance, ya nemi ruwa, kafin Khala ta dawo da kofin ya cika. Tuhin ya iso daga Dhaka da rana, aka kai Khalu makwancinsa bayan la'asar ana yayyafi. Tsofaffin ɗalibansa suka cika layinmu, wasu da furfura, suna ta ba juna labarin yadda ya taɓa kama su.

Ban buɗe kwamfutar ba sai da Khala ta aiko a kira ni, bayan baƙi sun ragu. An naɗe katifarsa, ɗakin ya yi faɗi.

"Abin nan nasa, kin tura?"

"A'a, Khala."

"Ya halatta ki tura, ko shi ma sai da shi?"

"Ƙungiya ɗaya muke. Ta asusuna zan tura."

"To tura."

Na tura. Muka zauna muna kallon ɗan da'irar da ke juyawa. Makin ya fito, sunanmu ya yi tsalle ya wuce mutane da yawa, ya tsaya a saman shafi na biyu.

"Ya ci ko ya faɗi?"

"Ya yi gaskiya, Khala. Mun matsa sosai. Shafin farkon ne dai ba mu kai ba, saura kaɗan."

"Da yana nan, da ya ce laifinki ne," ta ce.

"Muna da sauran huɗu yau. In kina so in gwada..."

"Bar su."

Ta matso kusa, ta ce in nuna mata inda sunansa yake, don ba ta saba da rubutun Turanci ba. Na ƙara girman harufan. Ta ɗora yatsa a kai ta bi shi a hankali daga farko har ƙarshe, leɓɓanta na motsi. Da ta ɗaga hannu, yatsan ya bar ɗan tabo a gilashin. Ta kamo gefen mayafinta ta goge shi.