Babbar Fitilar Baba

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana tuƙin babbar mota, kuma darasi ɗaya ya nanata mana har kunnuwanmu suka gaji: duk direban da ya kunna babbar fitila a cikin gari ba shi da tarbiyya. Ba ya ma cewa mutumin kuskure ya yi, a'a, tun yana yaro ne ba a kwaɓe shi ba. To sai ga shi wata uku cur 'yar motar Baban ce marar tarbiyyar unguwa. Da ya kunna fitila, babbar ce ke tashi, kuma ta ƙi sauka ko za a mutu.

Tun da ya ajiye aiki, tuƙi ɗaya ya rage masa: kullum da almuru ya je ya ɗauko Inna daga shagonta na ɗinki. Tun la'asar yake fara goge motar, ya canza riga, kai ka ce zance zai je. A wannan 'yar tafiyar ce ya addabi jama'a. Masu babur su zage shi, direbobi su yi ta ƙifta masa fitila, mai gyaran takalmi na bakin layi ya sayi baƙin tabarau. Maƙwabcinmu har gida ya zo, wai zakaransa ya rikice, da motar ta shigo layi sai ya hau cara.

"Laifin mota ne," in ji Baba. "Ni kaina kunya nake ji."

"To a kai ta gyara mana," in ji Inna.

"Wa? Waɗannan yaran? Su gyara fitila su ɓata birki?"

Yayata tana aiki a kantin magani, saboda haka ta naɗa kanta likitar gidanmu. Ita ta yanke hukunci ranar da ta zo: ko dai mota ce, ko idon Baba ne. In mota ce a gyara. In ido ne, ya ba da makulli, an gama.

"Idona?" Baba ya dafe ƙirji. "Ni da nake hango akuya tun tana tunanin tsallaka titi?"

Raina ya ɓaci da Yaya, don na san makullin nan shi ne sauran girman Baba. Washegari da safe, yana banɗaki yana wanka, na zare makullin daga aljihun rigarsa na tafi garejin mai wayarin, don in wanke shi in huta da bakin Yaya.

Tartsatsi ake ce wa mai wayarin ɗin, kuma sunan ya bi shi, don rabin gashin girarsa ɗaya babu. Bai ko taɓa motar ba ya ce, "Ranki ya daɗe, sanda ce." Yana nufin sandar da ke gefen sitiyari, wadda ake turawa fitila ta tashi, a jawo ta sauka. Ya tura, ya jawo, ya sake turawa kamar mai daka. Shuɗiyar alamar nan ta gaban direba ko gezau.

"To ba sanda ba ce. Dama na faɗa, rile ne."

"Yaushe ka faɗa?"

"A zuciyata."

Ya buɗe bonet, ya nuna mini wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, ya ce shi ne ke ba babbar fitila wuta, wani lokaci yakan maƙale. Ya musanya shi da na hon. Hon ya yi ƙara lafiya lau, har wani kare da ke barci ƙarƙashin tebur ya zabura, fitila kuwa tana nan tangaran. Sai ya cire rilen gaba ɗaya ya riƙe a hannu. Fitila ta ci gaba da haska bangon gareji da rana tsaka.

"Ikon Allah," in ji shi. "Na kwashe mata tuwo a baki amma tana ta taunawa. Wani ne ke ciyar da ita ta bayan gida."

Ya zura hannu bayan fitilar, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Can sai ya tsaya a wuri ɗaya. Ya ɓare wani baƙin salatif, ya ce in leƙo.

"Ga ɓarawon. An haɗa wayar ƙarama da ta babba. Da ƙarama ta samu wuta, sai babba ta sha. Wannan ba lalacewa ba ce, ranki ya daɗe, aikin hannu ne. Kuma wallahi gwani ne, ni ban iya wannan murɗin ba."

Ni kuwa na iya gane shi. Murɗi uku, sannan a lanƙwasa bakin wayar biyu su tsaya kamar kunnen zomo. Da shi aka ɗaure mariƙin butar shayinmu, da shi aka ɗaure igiyar shanya, da shi aka ɗaure ƙafar tabarau ɗin Baba. Mutum ɗaya ne a duniya ke wannan murɗin. Da farko haushi ya kama ni, wata uku tsohon nan yana raina mana hankali, har da cewa kunya yake ji! Kafin Tartsatsi ya gama warware wayar haushin ya tafi, sai tausayi.

"Maƙiya ne?" in ji Tartsatsi.

"Na gida ne. Ba ni wayar."

Na tarar da su duka a tsakar gida. Baba na zaune da rigar da ba makulli a aljihunta, Inna ta fasa fita shago, Yaya ta harɗe hannu.

"Me aka gani?" in ji Yaya.

Na buɗe baki in ce rile ne. Wallahi ƙaryar ta zo har bakin haƙorana. Sai na tuna masu babur ɗin nan da yaran layi, na kasa. Na durƙusa gaban Baba na sa masa wayar a tafin hannu. Bai kalle ta ba, da yatsa ya shafa kunnen zomon.

"Auta," ya ce, "wa ya aike ki?"

"Baba, me ya sa ba ka tura sandar kawai ba?"

"In tura da hannuna? A cikin gari? Uwarku na zaune a gefena?" Ya sauke murya. "Da ƙaramar ba na ganin bakin titi. Ranar nan na wuce ta a ƙofar shago, sai da ta kira ni."

Yaya ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Malam," in ji Inna, "wata uku ina sa farin mayafi ina tsayawa a tsakiyar haske kamar akuyar da kake faɗa. Ka zaci kwalliya nake yi maka?"

Baba ya yi dariya har da tari, sannan ya share ido da gefen riga. Na miƙa masa makullin. Ya juya shi sau biyu, ya mayar mini, ya naɗe yatsuna a kansa.

Washegari da la'asar ya goge motar kamar kullum, ya canza riga, ya zagaya ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta ita ba. Muna kan hanyar shago duhu ya fara, na ga ba kowa a gaba, na tura sanda don ya ga titi.

"Sauke," ya ce. "Ba haka na rene ki ba."