Jirgin da Luba Ba Ta Hau Ba

A Kwanar Dangora, in mutum ya ce zai tafi Masar, direbobin tasha ba sa barinsa ya ƙarasa. "Hau mashin ka je Yako wajen Malam Labaran. Ya san Alƙahira kamar yunwar cikinsa." Wasu har cewa suke shekara uku ya yi a can. Dattawan Yako kuwa, in aka kawo zancen, sai su koma maganar taki.

Da hantsi Mujitaba, wani manomin rake daga Tudun Wada, ya same shi a zaure. Bayan sun gaisa, ya ce likita ya tura matarsa Alƙahira aikin ƙoda.

"Allah Ya ba ta lafiya," in ji Malam Labaran. "To, buɗe kunne. Kada ku shiga tasi sai kun yi ciniki. Ruwan gora za ku sha. Jirginsu na ƙarƙashin ƙasa yana da taragon mata, kada ka bi ta ciki ka sha kunya. In ta ji sauƙi, kai ta masallacin Azhar da sassafe, kafin cunkoso. A wajen dalar Fir'auna, mai raƙumi zai ce hawa kyauta ne. Tambaye shi kuɗin sauka."

Mujitaba ya yi dariya. "Ai Baba, yayarta zan faɗa wa, ita za ta raka ta. Rake ya nuna, ba ya jira. In na sare zan bi su."

Malam Labaran ya dubi tabarma.

"Ɗana, ni da kake gani, ban taɓa wuce filin jirgin Kano ba."

Ya zaro wata tsohuwar waya daga aljihu. Ya ce shekara uku ke nan da aka tafi da matarsa Luba asibiti can, 'yarsu Ramla na jinyarta. Har bizarsa ta fito, amma masara tana gona. Ya ce su yi gaba, in an gama sussuka zai taho. Duk abin da ya sani na Masar, ita ta faɗa masa a saƙon murya, tana shirya masa zuwa.

Ya danna na ƙarshe. Murya ta fito, siririya, da fara'a a cikinta.

"Malam, har yanzu sussukar? Yau Ramla ta tura ni a keke har bakin kogin Nilu. Akwai jiragen yawo da la'asar, da ƙyalle a sama kamar an shanya zanin gado. Na ce ba zan hau ba sai ka zo, in ga yadda za ka yi da tsoron ruwan nan naka. Ka taho da rigar sanyi. Da daddawa, miyarsu lami ce."

Ta yi dariya, tari ya katse ta.

"Ina kan buhuna na saurara," in ji shi. "Na ce in an ɗinke su zan amsa. Kwana biyu tsakani Allah Ya karɓi abarSa. Can aka binne ta."

Wayar Luba tana hannun Ramla, a gidan mijinta a Bebeji. Tun dawowarta takan zo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi. Ba ta taɓa ba shi labarin Masar ba, shi ma bai iya tambaya ba.

Mujitaba ya share ido da bakin hula. Can ya ce, "Baba, rigar sanyin... mai kauri zan nema?"

"Mai kauri."

Bayan ƙarar mashin ta ɓace, Malam Labaran ya dubi saƙon. Babu komai a ƙarƙashinsa. Ya dafe alamar ɗaukar murya.

"Luba, ni ne. An gama sussukar tuntuni. Na zaɓi masara, na bar ki kina duban hanya. Ki yafe mini. Ramla, na san ke za ki ji wannan. Ke ma, don Allah, ki yafe mini."